Ina Darenmu Yake Tafiya?

(Matanin laccar da aka gabatar ga ɗalibai da matasa bayan sallar La'asar. Mun buga ta kamar yadda mai laccar ya miƙo mana.)

 



An ɗora mana nauyin yin magana a kan tsare lokaci da rabuwa da miyagun ɗabi'un da ke cinye shi. Wannan maudu'i ne mai faɗi ƙwarai, kuma babu ɗaya daga cikinmu da bai taɓa jin wa'azi a kansa ba. Kowa a nan ya haddace Suratul Asri tun yana makarantar allo. Kowa ya ji hadisin Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) wanda Imamul Buhari ya ruwaito game da ni'imomi biyu da mafi yawan mutane suke tafka hasara a cikinsu, watau lafiya da samun sarari. Mun ji, mun gyaɗa kai, mun watse, kuma gobe ta same mu a inda jiya ta bar mu. Saboda haka ba za mu tsaya jero falalar lokaci ba. Za mu ɗauki yanki guda ɗaya daga cikin awa 24 ɗin da Allah Ya ba mu, mu tsura masa ido, domin a fahimtarmu ta nan ne mafi yawan ɓarnar take shigowa. Wannan yanki kuwa shi ne tsakanin sallar Isha'i da sallar Asuba.

Kafin mu nuna wani da yatsa, wajibi ne mu fara da kanmu, domin Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun daga shekarar 2018 manyan kamfanonin waya suka sanya wani ma'auni a cikin wayoyin da suke ƙerawa, wanda yake ƙirga wa mutum awannin da ya yi yana kallon fuskar wayarsa, da manhajar da ta fi cin lokacinsa. Ranar da muka fara buɗe namu, muna da yaƙinin ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba, tunda a ganinmu mu ɗaliban ilimi ne, ba mu taɓa waya sai da dalili. Abin da muka tarar ya haura awa 4 a yini, kuma fiye da rabinsa bayan ƙarfe goma na dare ne. A wannan shekarar akwai littafin hadisi da muka ɗauki alkawarin kammala bitarsa ba mu kammala ba, kuma uzurin da muke bai wa malaminmu shi ne hidimomi sun yi yawa. Mun ji kunya ƙwarai, domin ba mu yi masa ƙarya da gangan ba, amma abin da muka gaya masa ba gaskiya ba ne.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Wanda yake ba da awa 3 kowane dare ga waya ko kallo ko hirar da ba ta da kai, a shekara ya ba da awa 1,095. Wannan kwana 45 ke nan cur, dare da rana, ba barci ba cin abinci. Idan aka auna shi da yinin ma'aikaci mai aikin awa 8, ya tashi yini 136 da ɗoriya, fiye da wata huɗu na aiki. Mus'hafin bugun Madina da ke hannunmu shafi 604 ne. Wanda ya lizimci haddar shafi ɗaya a yini zai sauke cikin shekara ɗaya da wata takwas, wanda ya lizimci rabin shafi zai sauke cikin shekara uku da 'yan watanni. To, 'yan'uwa, mu nawa ne a nan muka shekara goma muna cewa da za mu sami lokaci da mun yi hadda? Mu nawa muka fara Risala ko Bulugul Marami muka tsaya a Babin Tsarki?

TSARIN DARE A SUNNA

Allah (S.W.T.) Ya yi wa mutanen ƙasashenmu wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba. Saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, tsawon darenmu ba ya canjawa sosai tsakanin rani da damina. Isha'i tana kasancewa wajen ƙarfe takwas, Asuba wajen ƙarfe biyar, da ɗan ƙari ko ragi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a arewacin Turai sukan sami watannin da Isha'i take kaiwa kusan tsakar dare, alfijir kuma ya keto bayan 'yan awanni kaɗan. Mu kuwa awa tara muke da ita kusan kowane dare. Likitocin da suka ƙware a sha'anin barci sun ce baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. Ke nan wanda ya kwanta ƙarfe goma ya sami haƙƙin jikinsa cikakke, ya kuma sami awa biyu bayan Isha'i domin iyalinsa da karatunsa. Wanda ya kai ƙarfe ɗaya kuwa awa huɗu ta rage masa, kuma ɗayan biyu ne zai same shi: ko dai Asuba ta wuce shi, ko kuma ya tashi ya yi ta da rabin hankali, ya koma ya kwanta har hantsi ya dubi ludayi.

Alƙur'ani mai girma ya ambata a wurare da dama, kamar a Suratun Naba'i da Suratul Furƙan, cewa an sanya dare domin sutura da hutu, an sanya rana domin neman abinci. A Suratun Nur, aya ta 58, an ƙirga bayan sallar Isha'i cikin lokuta uku da mutum yake keɓewa a ɗakinsa, har yaran gida ma sai sun nemi izini kafin su shiga. Abu Barzata al-Aslami (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka fitar, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i, yana kuma ƙin hira a bayanta. Malamai sun bayyana hikimar wannan da cewa hirar dare ita ce ke jawo makarar Asuba, kuma ana so mutum ya rufe littafin yininsa da salla.

Kada a fahimci cewa an haramta buɗe baki bayan Isha'i. Imamul Buhari da kansa ya ƙulla babi a kan hirar dare domin ilimi, kuma ya tabbata Annabi (S.A.W.) ya zanta da iyalinsa na ɗan lokaci kafin ya kwanta, ya kuma tattauna al'amuran Musulmi da Abubakar (R.A.) da daddare. Haka nan ba mu magana a kan ma'aikaciyar jinya da ke kwana a asibiti, ko mai gadi, ko direban da ya taso da daddare, ko mai gidan burodi. Waɗannan darensu ne ranarsu, Allah Ya sanya musu albarka.

Akwai wata ƙissa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ya kamata mu tsaya a kanta. Wata rana Sayyidina Umar (R.A.) ya duba bai ga Sulaimanu ɗan Abu Hasmata a sallar Asuba ba. Da ya fita zuwa kasuwa sai ya biya ta gidansu, ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u. Ta gaya masa cewa ya kwana yana salla ne, sai barci ya rinjaye shi. Umar bai yaba masa ba. Sai ya bayyana cewa halartar Asuba cikin jam'i ta fi soyuwa a gare shi bisa tsayuwar dare sukutum. Ku dubi wannan da kyau. Mutumin nan nafila ce ta hana shi barci, Alƙur'ani yake karantawa, amma duk da haka aka nuna masa ya yi musayar babba da ƙarami. To ina ga wanda ya kwana yana kallon gajerun bidiyoyin da ko sunan masu su bai sani ba? Wace amsa mahaifiyarsa za ta bayar idan an zo tambaya?

Ba Asuba kaɗai ake rasawa ba. Sakhru al-Gamidi (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma shi Sakhru ɗan kasuwa ne, ya kasance yana tura hajarsa da farkon yini, har ya yi arziki mai yawa. Iyayenmu ma sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Saurayin da ya tashi ƙarfe goma ya tarar an gama rabon aikin yini a wurin gini, an gama cinikin safe a kasuwa, an gama darasi na farko da na biyu a makaranta, sa'an nan ya zauna yana cewa ƙasa ta lalace.

YADDA AKA SAYE DAREN

Hirar dare ba yau aka fara ta ba. Da can akwai dandali, akwai tatsuniya, akwai majalisar ƙofar gida. Amma waɗannan duka suna da iyaka. Farin wata yakan faɗi, kananzir yakan ƙare a fitila, mai shayi yakan kwashe teburinsa, gidan talabijin ma da can yakan rufe tasha kowa ya kwanta. Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, kuma bayan 'yan shekaru kamfanoni suka fito da kiran dare kyauta, daga bayan sha biyu zuwa gab da Asuba. Waɗanda suka yi samartaka a wancan lokaci sun san yadda aka riƙa gyangyaɗi a azuzuwa. Daga baya aka mayar da garaɓasar kan data. Sa'an nan ga wasannin ƙwallon Turai na tsakiyar mako, waɗanda ake take su ƙarfe takwas ko tara a agogonmu, a tashi daga gidan kallo wajen sha ɗaya, a ɗora da musu har sha biyu.

Abin da ya bambanta wayar yau da dandalin jiya shi ne ita ba ta da ƙarshe, kuma da gangan aka yi ta haka. Facebook ya fito a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009, TikTok kuma ya bazu a duniya daga 2018. Mafi yawan waɗannan ba ka biyan su ko kwabo, domin kuɗinsu daga masu talla yake fitowa, kuma abin da suke sayar wa masu talla shi ne mintocin da idonka ya yi a kansu. A shekarar 2006 wani injiniya Ba'amurke mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro dabarar nan da take sa shafi ba ya ƙarewa, kana ja yana ƙara zuwa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. A 2017 Sean Parker, wanda shi ne shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa tun farko tambayar da suka sa a gaba ita ce yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa gwargwadon iko, kuma sun san rauni ne na ɗan Adam suke amfani da shi. A wannan shekarar dai shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya ce barci yana cikin abokan gasarsu. Wannan shaida ce daga bakin mai kaya, ba zargin malaman wa'azi ba ne.

Wane rauni ne suke nufi? Tun a shekarun 1950 wani masanin halayya a Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tattabaru. Ya lura cewa idan tattabara ba ta san a wane saran za ta sami tsaba ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, to ta fi nacewa, kuma ta fi wuyar dainawa ko da an yanke tsabar. A kan wannan ɗabi'a aka gina caca, kuma a kanta aka gina jan shafin waya: tara babu komai, na goma ya ba ka dariya, sai ka ce bari in ga na gaba. Ba muna cewa hukuncin waya hukuncin caca ne ba, Allah Ya tsare mu da haramta abin da Allah bai haramta ba. Waya kayan aiki ce, da ita muke sada zumunci, da ita muke ciniki, da ita muke jin karatu. Amma mu tuna cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 91, cikin illolin giya da caca da aka ambata akwai kange mutum daga ambaton Allah da salla. Duk abin da ya kai mutum ga wannan illa, to ya kamata ya tuhumi yadda yake riƙe da shi.

GIWA A MADINA

Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana Imamu Malik yana ba da karatu a Madina, sai wani ya yi shela cewa giwa ta shigo gari. Giwa ba dabbar Hijaz ba ce, don haka ɗalibai suka watse zuwa kallo, aka bar saurayi ɗaya, Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi, wanda ya taso tun daga Andalus. Malik ya tambaye shi me ya hana shi fita, alhali babu giwa a ƙasarsu. Ya amsa cewa ya baro ƙasarsa ne domin ya ga Malik ya koyi ilimi da ladabi a wurinsa, ba domin kallon giwa ba. Malik ya ji daɗin wannan har ya yi masa laƙabi da mai hankalin Andalus. Mutane masu yawa sun ruwaito Muwaɗɗa daga Malik, amma ruwayar wannan Yahaya, wanda ya rasu a shekara ta 234 bayan Hijira, ita ce ta fi shahara, kuma ita ce ake karantawa a zaurukan malamanmu har yau. Sauran ɗaliban ba su yi zunubi ba da suka fita. Kallon giwa halal ne. Sai dai mu giwarmu tana cikin aljihu, kuma ba sau ɗaya take shigowa gari a shekara ba.

Hasarar ba ta tsaya ga mintocin da aka kashe a kallo ba, har da abin da ke samun hankali bayan an dawo. Wata malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata suke aiki a gaban kwamfuta. A 2004 ta tarar mutum yakan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya kafin ya juya ga wani, a binciken baya-bayan nan kuwa abin ya sauko zuwa sakan 47. Ta kuma tarar idan aka katse mutum daga aiki, yakan ɗauki fiye da minti 20 kafin ya koma kansa. Duk wanda ya taɓa zama da mas'alar rabon gado, ko i'irabin aya mai tsawo, ya san cewa ba a warware su da hankalin sakan 47. Mu da muke koyarwa a Islamiyya muna ganin alamar a wurin ɗalibai: yaro mai kaifin basira, amma ba ya iya zama da shafi ɗaya har ya ƙare. Muna kuma ganinta a sallarmu, mu yi kabbara jikinmu a sahu, zuciyarmu tana can tana shirya amsar da za mu rubuta wa wani.

A nan akwai wata magana mai ɗaci da ta shafe mu mu ma'abuta addini musamman. Shaiɗan ba ya zuwa wa ɗalibin ilimi da bidiyon rawa, ya san za a kore shi. Yakan zo masa da raddi. Malam wane ya yi wa malam wane raddi, wancan ya mayar, almajirai sun ɗauka, kai kuma ka kwana kana bi ɗaya bayan ɗaya, kana jin kamar ibada kake yi. Tambayi kanka bayan wata guda: wace mas'ala ce ta tsarki ko ta ciniki na sani yau wadda ban sani ba da? Sau da yawa abin da aka ƙaru da shi shi ne ƙiyayyar wani Musulmi da iya baƙar magana. Wannan ma lagwu ne, ko da ya sa rawani, kuma Suratul Mu'minun ta siffanta masu rabauta da kau da kai daga lagwu tun a ayoyinta na farko.

MAGANI

Mafi yawanmu idan muka ji wa'azi irin wannan sai mu ƙudurta cewa daga yau za mu daure. Mu kwanta da wayar a gefen matashi, mu ce ba za mu taɓa ba. Wannan dabara mun gwada ta, ba ta kwana uku. Sunna ta koya mana wata hanya daban. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labari cewa Annabi (S.A.W.) ya yi salla da wani mayafi mai zane-zane, ya dubi zanen sau ɗaya, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahmi da shi a karɓo masa wani marar ado, domin ya ɗauke masa hankali a salla. Buhari da Muslim ne suka ruwaito. Wannan shi ne mafi cikar halitta a khushu'i, amma bai ce zai ci gaba da sawa ya yi ta fama da zuciyarsa ba, sai ya fitar da abin daga gabansa. A Muwaɗɗa kuma an kawo cewa Abu Ɗalhata al-Ansari (R.A.) yana salla a gonarsa, wani tsuntsu ya ɗauke masa hankali har ya manta raka'a nawa ya yi, sai ya ba da gonar sadaka. Ba mu ce kowa ya ba da wayarsa sadaka ba. Amma ƙa'idar a fili take: nisanta abin da ke shagaltarwa ya fi sauƙi bisa yin kokawa da shi kowane dare.

Abu na farko ke nan, kuma shi ne babba: waya kada ta kwana a inda hannu zai kai gare ta. A sanya mata lokacin kwanciya kamar yadda ake sanya wa yaro, ƙarfe tara da rabi ko goma, a bar ta a falo ko a cikin akwati. Wanda zai ce da ita yake tashi Asuba, agogon tebur mai ƙararrawa zai wadatar da shi. Wanda yake tsoron kiran gaggawa daga iyaye, ya ajiye ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta shiga intanet. Mu wannan kaɗai muka fara da shi, kuma a makon farko mun sha wuya, hannu yana lalube a duhu yana neman abin da ba ya nan. A nan muka gane gaskiyar masu cewa sabo turken wawa.

Sauran matakan ƙanana ne. A kashe ƙarar sanarwar duk wata manhaja ban da kira. A fita daga zaurukan WhatsApp da ba a san dalilin zama a cikinsu ba, kuma fita daga zaure ba yanke zumunci ba ne. Manhajar da mutum ya san ta fi ƙarfinsa ya goge ta. Mai tilawa ya koma ga Mus'hafin takarda, domin shi saƙo ba ya faɗowa a tsakiyar shafinsa. Masu shan shayi mai kauri bayan Isha'i su sani cewa sinadarin da ke cikinsa yakan yi kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka su dawo da shi baya.

Sai dai gurbin da aka share idan ba a cika shi ba, tsohon baƙo zai dawo. Magabata sun ce rai idan ba ka shagaltar da shi da gaskiya ba, zai shagaltar da kai da ɓata. Kafin ka ajiye wayar, ka san abin da za ka ɗauka, ka kuma ambace shi da suna. Kada ka ce zan riƙa karatu, ka ce izu ɗaya bayan Asuba, ko hadisi ɗaya daga Arba'una kafin barci, ka ga cikin kwana 42 ka kammala littafin. Mai wannan littafi, Imamun Nawawi, an haife shi a 631 ya rasu a 676 bayan Hijira, shekara 45 kacal, ya bar mana Riyadus Salihina da sharhin Sahihu Muslim da wasunsu, kuma an ce a zamanin ɗalibtarsa darasi 12 yake ɗauka kowace rana. Ba lallai abin cikewar ya zama littafi ba. Akwai magidanta a cikinmu da suka shekara ba su zauna minti 30 da matansu ba tare da waya a hannu ba, ita tana nata kallon shi yana nasa, gado ɗaya duniya biyu. Akwai 'ya'yan da ba su san labarin kakansu ba domin babu wanda ya ba su. Wannan zama yana cikin hirar da Sunna ta yarda da ita.

Game da majalisa, ba mu ce a ƙaurace wa abokai ba, domin a majalisa ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda aka yi wa rasuwa. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ibnul Jauzi, malamin Bagadaza da ya rasu a 597 bayan Hijira, ya ba da labarin kansa a littafinsa Saidul Khaɗir, cewa masu ziyarar da ba ta da dalili sun dame shi, korarsu kuma za ta jawo gaba. Sai ya riƙa tara ayyukan da ba su buƙatar tunani, irin su yankan takarda da fiƙe alƙalami da ɗaure littattafai, ya riƙa yin su a lokacin da suka zo. Kai ma ka je majalisa da lokacin tashi a zuciyarka. Za a yi maka ba'a mako ɗaya ko biyu, a ce ustazu ya tashi, daga nan a saba.

Kada wanda ya faɗi a kwana na huɗu ya ce shi ke nan. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka fitar a 2009, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mu kuma mun riga mun sani daga hadisin Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya saba kaiwa ƙarfe biyu, ya dawo sha biyu, bayan mako biyu ya dawo sha ɗaya. Amma a lura, wannan sassauci a kan abin da asalinsa halal ne. Wanda darensa yake tafiya a cacar ƙwallo ko kallon batsa, wal iyazu billahi, ba a ce masa ya rage ba. Tuba ce ta wajaba a kansa yanzu, ya goge asusun, ya toshe hanyar, ya kuma nemi amintaccen ɗan'uwa ko malami ya gaya masa halin da yake ciki, domin irin wannan ciwo a ɓoye yake ƙiba.

Iyayenmu da ke zaune a nan, ku yi mana afuwa da kalma ɗaya. Yaro ba zai ajiye waya ƙarfe tara ba alhali yana ganin hasken ta babansa ta ƙarƙashin ƙofa ƙarfe ɗaya. Idan za a kafa dokar, a kafa ta a kan gida duka, a sami kwando ɗaya kowa ya zuba tasa, maigida ya fara.

Abin da muke roƙo daga kowa kafin zama na gaba guda biyu ne. Yau da daddare kowa ya buɗe ma'aunin nan na wayarsa, ya rubuta adadin da ya gani a takarda, ba don ya nuna wa kowa ba. Sa'an nan ya gwada raba ɗaki da ita dare bakwai a jere, ya riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da inda ya sallaci Asuba. Wanda bai san inda ma'aunin yake ba ya tsaya bayan Magariba, akwai 'yan'uwa da za su nuna masa. Ga shi mai gabatarwa ya miƙo mana takarda cewa lokacinmu ya cika, kuma ba zai yi kyau mu ci lokacin masu tambaya a lacca irin wannan ba.

Allah Ya sanya albarka a dararenmu da safiyoyinmu.